Tsibiran da Ake Zuwa Cin Amarci: Daga Can Kuɗin Auren Kakanninmu Suka Fito



Kaka ta yi, gero ya shiga rumbu, rake ya fara fitowa daga korama, ke nan lokacin bukukuwa ya kama. Bana ma kamar bara, salula ta cika da bidiyon angwaye da amare na Kano da Abuja da Yamai, sanye da fararen kaya, suna takawa a kan farin rairayi a bakin teku, ga ɗakin kwanansu an kafa shi a bisa ruwa. In ka duba ƙasan hoton sai ka ga an rubuta Maldif ko Zanzibar. Samari na turawa juna, 'yan mata na ba'a suna cewa su ma sai an kai su, dattawa kuwa na girgiza kai suna cewa ina ruwan Bahaushe da tsibiri, mu da ke nesa da teku da sama da kilomita 900.

To, samarin da dattawan duk sun ɗauka waɗannan tsibirai baƙi ne a cikin sha'anin aurenmu. Tarihi bai ce haka ba. Kuɗin da aka ƙirga aka auri kakannin kakanninmu, daga ruwan waɗannan tsibirai biyu aka tsamo su. Ku gyara zama ku ji yadda abin ya kasance.

Mu fara da bakinmu. Kalmar kuɗi da muke faɗa kullum, asalinta jam'in wuri ce: ɗaya wuri, da yawa kuɗi. Shi ya sa har gobe in mutum ya tsiyace yake cewa ko wuri ba shi da shi, in kuma ana maganar dukiya mai yawa a ce wuri na gugar wuri. Farin wurin nan da muke gani a wuyan jarirai, a jikin layun 'yan dambe, ko a adon ƙwarya da faifai, ƙwanson wata ƙaramar halitta ce ta ruwan gishiri, dangin dodon koɗi. Babu ita a korama, babu ita a kogin Kwara, babu ita a tafkin Cadi. Mahaifarta tekun Indiya, kuma inda ta fi yawa shi ne tsibiran Maldif.

Maldif tarin ƙananan tsibirai ne kusan 1,200, a kudu maso yammacin ƙasar Indiya. Babban birninsu Male. Mutanensu Musulmi ne tun shekarar 1153. Yadda suke samun wuri babu wata wahala: su jefa rassan kwakwa a cikin ruwa mara zurfi, halittun su zo su manne, sai a jawo rassan a shanya, ko a binne su a rami har naman ya ruɓe, a wanke, farin ƙwanson ya rage. Da shi suke sayen shinkafa daga Bangal. Masu jiragen ruwa na Yaman kuwa zuba shi suke a gindin jirgi a madadin rairayi, don jirgin ya zauna daram a kan ruwa. Abin da wasu ke zubawa don nauyi kawai, shi ne ya ratsa Masar da Magrib, ya hau raƙumi, ya ƙetare Sahara, ya zama kuɗi a ƙasashen baƙar fata.

Akwai mutum ɗaya da ya ga farkon hanyar nan da ƙarshenta da idonsa, wato Ibn Batuta, matafiyin nan na Maroko. Ya sauka Maldif wajen 1343, aka naɗa shi alƙali, har ya auri mata huɗu a can. Ya ba da labarin cewa aure a tsibiran yana da sauƙi saboda ƙarancin sadaki, kuma baƙi masu jirage kan yi aure in sun sauka, su saki in za su tashi, domin matan ba su yarda su bar ƙasarsu. Kun ga ashe amarcin baƙo a Maldif ba yau aka fara ba, sai dai na wancan zamani bai cika ƙarewa da daɗi ga matan ba.

Shekara goma bayan haka, a 1352 zuwa 1353, mutumin nan ya ƙetaro hamada ya zo Mali, ya bi ta Gawo, ya iso Tagidda a cikin jihar Agadas ta yanzu. A Mali da Gawo ya tarar da wurin da ya baro a tsibiri, amma farashi ya sauya. A Maldif dinarin zinariya ɗaya na sayen wuri 400,000. A Gawo dinari ɗaya wuri 1,150 ne. Riba ninki sama da 300 ke nan. Mu yi ɗan lissafi da abin da malamanmu na Malikiyya suka karantar da mu, cewa mafi ƙarancin sadaki rubu'in dinari ne. A Maldif rubu'in dinari wuri 100,000 ne, kayan da mutum ɗaya ba zai iya ɗauka ba. A Gawo bai kai wuri 300 ba, abin da zai shiga 'yar ƙwarya. Ƙwanso iri ɗaya ne, nisan hanya da sha'awar mutane suka ba shi daraja. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ƙasar Hausa ba ta shiga harkar wuri da wuri ba. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ce zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, wanda ya yi sarauta daga 1703 zuwa 1731, wuri ya fara zuwa ƙasar Hausa. A lokacin hanyarsa ta sauya, ta kudu yake ɓullowa. Kuma a nan ne labarin ya yi ɗaci. Kamfanonin Holan da na Ingila su ke lodin wuri daga tekun Indiya, su kai Amstadam da Landan, a sake loda shi a wasu jirage zuwa gaɓar Afirka ta Yamma, irin su Wida da Ikko. Abin da ake saye da shi a gaɓar nan, mutane ne. Jirgi ya zo da ƙwanso, ya koma da bayi zuwa Amurka. Daga bakin teku wurin ke haurowa ta ƙasar Yarbawa da Nufe, fatake su kawo shi Kano da Katsina da Daura, daga nan ya shigo ƙasarmu. Duk wurin da aka zuba a tabarmar ɗaurin aure a wancan zamani, sai da ya bi ta wannan hanya ko ta hamada kafin ya iso.

A ƙarni na 19 wuri ya riga ya zama kuɗin kasuwa da na haraji a Damagaram da garuruwan da ke kewaye da ita. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya sauka Tasawa a watan Janairun 1851, ya ga ana ƙirga wuri 500,000 da hannu, ya ce aiki ne na jarumai. A ƙasarmu ba a shirya wuri a zare kamar yadda mutanen bakin teku ke yi. Zube shi ake a ƙasa, a riƙa ja da yatsu biyar biyar, a tara kashi kashi, sannan a ɗura a keso, wato buhun tabarma mai cin 20,000. A Kano, cikin wannan shekara, ya tarar wuri 2,500 ne ke sayen azurfa ɗaya ta Mariya Tereza, tsabar nan ta ƙasar Ostiriya da ke ɗauke da shekarar 1780. Ya kuma ƙiyasta cewa wuri 50,000 zuwa 60,000 sun ishi magidanci da iyalinsa ci da sutura na shekara guda. Daga baya ya zo Damagaram a ƙarshen 1852, zamanin Sarki Tanimu.

Ku kwatanta ranar ɗaurin aure a wannan zamani. Waliyyai na zaune a zaure, an shimfiɗa tabarma, an juye ƙwarya, dattijo ya sunkuya yana ja biyar biyar, shaidu na bin hannunsa da ido. Kuɗin gaisuwar iyaye, na sayen baki, tukuicin maroƙa da na masu kawo gara, duk da wuri ake yi, a haɗa da zane saƙi, goro, ko akuya. Baba ta Karo, tsohuwar nan ta ƙasar Zazzau da aka buga labarin rayuwarta a 1954, da wuri take lissafa kuɗin auren ƙuruciyarta. Amaryar da aka biya wa sadakin ba ta taɓa ganin teku ba, amma teku na cikin ƙwaryarta.

To ina Zanzibar ta shigo? Ta ƙofa biyu. Ta farko kanumfari. Asalin itacen daga tsibiran Maluku ne na Indunusiya, aka kawo shi Zanzibar a farkon ƙarni na 19. Sarkin Oman, Sayyid Sa'id, ya mai da fadarsa can wajen 1840, ya cika Unguja da Pemba da gonakin kanumfari, bayi na noma su, har tsibiran suka zama kan gaba a duniya wajen fitar da shi. Kasuwar bayi ta birnin sai 1873 aka rufe ta. Kanumfarin nan da iyayenmu mata ke dakawa a yaji da kunu da fura, suke sakawa a haɗin turaren amarya, shi ne abin da ya yi wa Zanzibar suna tun kafin a san ta da otal.

Ƙofa ta biyu ita ce ta karya darajar wuri. A gaɓar Zanzibar akwai wani irin wuri, ɗan uwan na Maldif, ya ɗan fi shi girma, yana da zobe ruwan ɗorawa a bayansa, kuma ya fi araha nesa ba kusa ba. Daga wajen 1845 'yan kasuwar Hambog ta Jamus suka gwada kawo shi gaɓar Afirka ta Yamma, mutane suka karɓa. Shi ke nan, na Marsai ta Faransa su ma suka shigo, jirgi na bin jirgi, ana juye shi tan bisa tan. Kowa ya san abin da ke faruwa in kaya sun yi yawa a kasuwa. Kafin ƙarnin ya ƙare, azurfar da ake saye da wuri 2,500 a Kano sai an ninka mata wannan adadi. Wani Baturen Ingila, Charles Robinson, da ya zo ƙasar Hausa a 1894 zuwa 1895, ya ba da labarin dokinsa da ya rasa yadda zai sayar, don kuɗin dokin sai an ɗauki 'yan alaro goma sha biyar su ɗauka, ladansu kuma zai cinye kuɗin duka kafin a isa. Wanda ya shekara yana tara keso don ya aurar da ɗansa, sai ya wayi gari keson na nan da nauyinsa, amma abin da yake saye ya ragu.

Sai Turawa suka zo suka ƙarasa shi. Faransawa sun ci Damagaram a 1899 bayan yaƙin Tirmini, suka dage a biya haraji da tammarsu. Ingilishi a Najeriya suka hana shigo da wuri a 1904. Bai mutu rana ɗaya ba, ya daɗe a ƙananan kasuwanni ana sayen gishiri da daddawa da shi, amma daga ƙarshe ya koma abin ado da kayan bokaye. A watan Disambar 1945 aka ƙirƙiro sefa. Sai dai tsohon lissafi bai bar bakinmu ba. Dala da muke kiran tamma biyar da ita, sunan waccan azurfa ne. Jika kuwa jaka ce, mazubin kuɗi. Zambar ma daga ƙidayar wuri muka gaje ta. Can Gana, sunan kuɗinsu sidi, ma'anarsa wuri.

Yanzu mu juya ga ita tafiyar amarcin. A ƙasar Ingila, tun ƙarni na 16 ake kiran watan farko na aure watan zuma, Faransawa suka ara daga baya. Da farko suna ne kawai, babu tafiya a ciki. Tafiyar ta samo asali a ƙarni na 19, lokacin da masu hali kan ɗauki amarya su zaga dangin da ba su samu zuwa buki ba, wani lokaci har da rakiyar 'yan uwa. Kun ga wannan bai yi nisa da namu yawon gaishe-gaishe ba. Jirgin ƙasa da jirgin sama su suka mai da ita shaƙatawar mutum biyu. Maldif ba ta buɗe masaukin 'yan yawon buɗe ido na farko ba sai 1972. A 2024 baƙin da suka shiga ƙasar sun haura miliyan 2, alhali mazaunanta kusan rabin miliyan ne. Tsohon birnin Zanzibar kuma UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a shekarar 2000. Ke nan a matsayin wajen amarci, Maldif ba ta girmi da yawa daga cikin iyayenmu ba. A matsayin ma'adinin kuɗi kuwa, ta yi ɗaruruwan shekaru.

Mu kuma muna da namu tun asali. Sunna ta ba budurwa kwana bakwai, bazawara kwana uku, ko da mijin na da wasu matan. Al'ada ta zo ta ƙawata waɗannan kwanaki: amarya ba ta daka, ba ta ɗebo ruwa, ba ta hura wuta, abinci daga gidan iyaye ko na surukai yake zuwa, ƙawaye na ɗebe mata kewa, ango na hutun gona yana karɓar 'yan barka, ɗaki na ƙamshin turaren wuta. Manufar dai guda ce da ta masu hawa jirgi, a ba sababbin ma'aurata sarari su saba da juna kafin ɗawainiya ta sauko. Bambancin shi ne namu dangi ke ɗaukar nauyinsa, kuma talaka da mai kuɗi duk suna samu.

Ba mu ce kada wanda Allah ya hore wa ya je ba. Halaliyarsa ce, kuma ganin duniya ilimi ne. In zai je, ga kaɗan daga abin da ya kamata ya sani. Fasfo da katin rigakafin shawara su ne farko. Daga Kano ko Yamai ana zuwa Zanzibar ta Adis Ababa. Maldif kuwa galibi sai an bi ta ƙasashen Larabawa na Gulf ko Istanbul, kuma a filin jirgi ake ba da bizar kwana 30. Maldif ta fi daɗi daga Disamba zuwa Afrilu, lokacin da ruwan sama ya ɗauke. Zanzibar babbar daminarta daga Maris zuwa Mayu ce, an fi zuwa daga Yuni zuwa Oktoba. Duka biyun ƙasashen Musulmi ne, babu wahalar masallaci ko abincin halal. A Maldif tun 2009 aka yarda mutanen gari su buɗe ƙananan masaukai a tsibiran da suke zaune, sun fi manyan otal araha sosai, kuma ba a sayar da giya a cikinsu. Wanda ya je Zanzibar, don Allah ya ware rabin yini ya ziyarci inda kasuwar bayi take, ya shiga gonar kanumfari. Wanda ya je Maldif ya duba rairayin da yake takawa, ya tuna da ƙwaryar kakarsa.

Damuwarmu tana ga waɗanda ba za su je ba, amma hoton zai iso musu. Mun ga yadda tsadar aure ke hawa a ƙasar nan mataki mataki. Zamanin gyaɗa, lokacin da SONARA ke saye bayan kafa ta a 1962, jeren ƙorai ya koma na kwanoni da tasoshi. Daga baya gadon ƙarfe ya zo, sai na katako da kabad da kujeru, sai anko da hoton kafin aure. Zamanin Seyni Kountché gwamnati ta yi ƙoƙarin ƙayyade kuɗin aure, abin bai riƙu ba. Kowane sabon abu daga masu hali yake farawa a matsayin sha'awa, kafin shekara goma ya zama abin da in ba a yi ba za a yi wa uwar amarya gori. Kuma mun san wa ke ɗaukar wannan kaya. Uwa ce.

Babu wanda ke gundumar Kance da zai manta watan Oktoban 2013, lokacin da aka tsinci gawa 92 a hamada tsakanin Arlit da iyakar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su: yara 52, mata 33, maza 7, akasarinsu daga wannan yanki namu. Allah ya jiƙansu da rahama. Dalilan da ke fitar da mata kan wannan hanya suna da yawa, akwai ƙarancin gona, akwai yunwa, akwai bashi. Amma duk wanda ya zauna da su ya ji bakinsu ya san kayan ɗakin 'ya na cikin lissafin. Hamadar da raƙuma suka ratso da wuri don a yi aure, ita ce iyayenmu mata ke ratsawa yau don neman abin aurar da 'ya'ya. In muka bari tafiyar amarci, ko da ta otal ɗin Kano ce ko ta Damagaram, ta shiga jerin abin da ake gori a kai, to wani nauyin muka ƙara a kan wanda bai sauka ba.

Mun ce ku riƙe lissafin Ibn Batuta. Abin da ake shara a bakin ruwa a Male, shi ne dukiya a Gawo, don kawai ya zo daga nesa kuma kowa ya yarda yana da daraja. Ranar da ya yi yawa, keso ya zama kaya. Mutanen da suka tara shi sun tafi, auren da aka ɗaura da shi kuwa ga mu nan, mu ne jikokinsa. Kwana bakwai ɗin nan sun ga zamanin wuri, sun ga na tamma, sun ga faɗuwar sefa ta Janairun 1994, suna nan ba su sauya ba. Abin da ya rage namu shi ne mu tsare su. Ango ya ajiye salula da zaman majalisa a waɗannan kwanaki, kada ya ɗaura aure yau jibi ya kama hanyar ci-rani. Surukai su ɗauke wa yarinya aiki kamar yadda aka ɗauke musu. Kuɗin da za a ci bashi don burge mutane, a sayi tunkiya ko buhun gero da su, a ajiye wa sabon gida.

Wanda ke da tsohuwa a gida, yau da dare ya tambaye ta ko ta ji abin da aka biya a auren kakarta, da yadda aka yi bakwai ɗinta ita kanta. In akwai sauran wuri a tsohuwar tukunya ko a jikin wata ƙwarya, ku juya bayansa ku duba. Mai zobe ruwan ɗorawa irin na Zanzibar ne, mai ɗan ƙusumbi a gefe kuwa irin na Maldif.

Allah ya ba da zaman lafiya ga duk waɗanda za a ɗaura wa aure a wannan kaka, ya rufa wa iyaye asiri. Sai mun sake haɗuwa. Wassalamu alaikum.